Darasi na Tara: Haƙoran Pon, Ƙarfin Ja da Gudun Mota

Manufar darasi

Wanda ya gama wannan darasi zai iya bayyana aikin da pon ke yi a ƙarƙashin mota, ya lissafa rabon haƙoransa da kansa, ya kuma bambanta pon na yau da kullum da wanda aka sa wa abin hana taya sulɓi. Lissafin da ke ciki bai wuce rabawa da ninkawa ba.

1. Taya ɗaya na gudu, ɗaya na kwance

A watan Agusta, in ruwa ya zauna kuma Gulbin Maraɗi ya kawo, hanyoyin da ke shiga lambunan Jiratawa kan koma taɓo. Akori-kura ta ɗauko buhunan zogale za ta kai kasuwar Maraɗi, sai tayar baya ta dama ta faɗa laka, ta hagu kuwa tana kan ƙasa mai tauri. Direba ya taka totur, inji ya ɗauki ƙara, tayar da ke cikin laka ta kama juyawa tana yi wa masu turi feshin taɓo. Wadda ke kan tauri, wadda ita ce za ta iya fitar da motar, ko motsi ba ta yi. Da rani ma haka ake sha a rairayin ƙauyukan da ke bayan Tibiri da kan hanyoyin Dakoro.

Masu turi kan ce inji ne ya gaji, alhali lafiyarsa lau. Aikin pon ne, wato kumburarren ƙarfen nan da ke tsakiyar tayoyin baya. A cikinsa ake yanke abu biyu: sau nawa inji zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya, da yadda za a raba ƙarfi tsakanin hagu da dama. Waɗannan biyun ne masu tseren motoci ke canzawa, kuma lissafin da suke yi shi ne mai akori-kura ke buƙata.

2. Abin da ke cikin pon

Ƙarfin inji na fitowa daga akwatin giya, ya bi doguwar sandar da ake kira kardan, ya isa pon. A bakin kardan akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora, pinyon. Shi ke juya babban faifai mai haƙora, kuron. A jikin kuron an ɗaura wani ɗan gida mai ƙananan giyoyi: biyu suna riƙe da sandunan da ke zuwa tayoyi, wasu biyu ko huɗu kuma, waɗanda makanikai ke kira satalit, suna tsakaninsu. Wannan ɗan gida shi ne difaransiyal. Wani mai gyaran agogo ɗan Faransa, Onésiphore Pecqueur, ya ƙirƙiro irinsa a 1827, tun kafin a san motar fetur.

Amfaninsa na fitowa a kwana. Tsakanin tayar hagu da ta dama akwai wajen mita 1.5. Duk lokacin da mota ta karya kwana sosai, daga gabas ta fuskanci arewa misali, tayar waje na cin ƙasa fiye da ta ciki da kusan mita 2.4, ko kwanar mai faɗi ce ko matsattsiya. Wannan kusan juyi ɗaya ne cur na tayar Hilux. In ta kewaya shataletale gaba ɗaya, bambancin ya haura mita 9. Da sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin, dole ɗaya ta riƙa gurzar ƙasa. Satalit ne ke ba tayar waje damar ƙara gudu, ta ciki ta rage.

Sai dai difaransiyal na yau da kullum yana da wata ɗabi'a: ƙarfin da yake ba hagu shi yake ba dama, ba ragi ba ƙari. Kamar uba ne da ya rantse zai raba wa ƴaƴansa biyu tuwo daidai, amma ya ɗauki cikin ƙaramin ya zama ma'auni. Tayar da ke cikin laka ba ta iya karɓar ƙarfi sai kaɗan kafin ta sulɓe, don haka wadda ke kan tauri ma kaɗan ɗin take samu, kuma bai isa ya ture mota mai kaya ba. Ƙara totur ba ya ƙara komai sai zurfin rami.

Ƙananan motoci masu ja da tayoyin gaba, irin Starlet da Corolla na tasi, su ma suna da difaransiyal, amma a cikin akwatin giya yake zaune.

3. Ƙidayar haƙora

Rabon pon lissafi ne mai sauƙi: haƙoran kuron a raba da haƙoran pinyon. Ga huɗu da aka saba gani a pon ɗin Hilux:

Kuron 41, pinyon 10: rabo 4.10
Kuron 43, pinyon 10: rabo 4.30
Kuron 41, pinyon 9: rabo 4.56
Kuron 39, pinyon 8: rabo 4.88

Rabo 4.10 na nufin kardan zai juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. In lambar ta yi girma, ana ce wa pon ɗin gajere: ja da yawa, gudu kaɗan. In ta yi ƙanƙanta, dogo ne: gudu da yawa, ja kaɗan.

A ɗauki mota mai tayar da ke cin mita 2.4 a juyi ɗaya, tana cikin giya ta huɗu, wadda a yawancin akwatunan giya biyar take barin kardan ya juya daidai da inji. Inji na juyi 3,000 a minti. Da pon 4.10, taya na juyi 732 a minti. A ninka da 2.4, an sami mita 1,756 a minti, wato kilomita 105 a awa. A cire wannan pon a sa 4.88, inji na nan a 3,000, sai taya ta koma juyi 615, gudu ya sauka zuwa kilomita 89. An yi asarar kilomita 16 a awa. Abin da aka samu a madadinsa shi ne ƙarfin ja a taya ya ƙaru da kashi 19 cikin ɗari, a kowace giya, har da ta baya.

Inji bai ƙara doki ko ɗaya ba. An dai sayar da gudu an sayi ja.

Akwai kuma kuɗin mai. Don riƙe kilomita 90 a awa, mai pon 4.10 na buƙatar juyi kusan 2,560, mai 4.88 kuwa sai ya kai 3,050. Wanda aikinsa Maraɗi zuwa Yamai ne a kan kwalta, tafiyar da ta haura kilomita 600, zai ji wannan bambanci a aljihunsa da kuma zafin injinsa. Amma wanda ke lodin gero da wake daga kasuwannin ƙauye yana ratsa rairayi, dogon pon cutarsa yake yi: kullum yana giya ta biyu, kullum ƙafarsa na kan kuloci, har faifan kulocin ya ƙone.

Taya ma na cikin lissafin. Wanda ya cire taya mai cin mita 2.2 ya sa mai cin 2.4 don mota ta ɗaga, ya tsawaita pon ɗinsa bai sani ba, shi ya sa yake jin ta yi nauyin tashi. Don ta koma yadda take, sai a ninka 4.10 da 2.4, a raba da 2.2. Amsar 4.47 ce, kuma mafi kusa da ita a kasuwa shi ne 4.56.

4. Masu tsere a ƙasar Nijar

Nijar ta ga tseren mota irin wanda ƙasashe kaɗan suka gani. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya kafa, ta tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182. Ta ratso Aljeriya, ta bi ta Agadas da Yamai, ta wuce Mali, 74 kawai suka isa Dakar a Janairun 1979. Da yawan waɗanda suka shiga ba ƙwararrun da kamfani ke biya ba ne, masu sha'awa ne da suka haɗa motocinsu a gareji. Cikinsu akwai wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau, da suka zo da ƴar ƙaramar Renault 4 wadda aka gyara ta koma mai ja da tayoyi huɗu. Ita ta zo ta biyu a rukunin motoci, bayan wata Range Rover. A 1982 suka ci gasar da Renault 20. Inji ƙarami ne, amma ƙarfinsa na isa ƙasa.

Peugeot 504 ma, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 har ta cika tashoshin Maraɗi da Katsina, ta yi suna a tsere. A wannan shekarar ce Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, tana ja da tayoyin baya kaɗai. Jean-Louis Schlesser ya ci Dakar a 1999 da 2000 da motar da ita ma baya kaɗai take ja, ya bar manyan motoci masu ja huɗu a bayansa.

Yadda ɗan tsere ke zaɓen pon abin koyi ne. Yana duba miƙaƙƙiyar hanya mafi tsawo a filin da zai yi gudu, sannan ya nemi rabon da zai sa inji ya kusa kai iyakar juyinsa a giyar ƙarshe daidai ƙarshen wannan miƙe. In filin gajere ne mai yawan kwana, motar da za ta iya kilomita 180 ba za ta taɓa wuce 120 ba, saboda haka sauran gudun banza ne. Gara a mai da shi ja, ta riƙa fita kwana da zafi. In kuwa shimfiɗaɗɗen fili ne irin na Tenere, gajeren pon zai sa inji ya wuni yana kururuwa har ya yi zafi. Kamfani na iya zuwa da pon kala-kala a bayan babbar mota. Mai tsere da kuɗin aljihunsa ɗaya gare shi ko biyu, dole ya yi lissafi kafin ya saya.

5. Maganin taya mai sulɓi

A 1935 injiniya Ferdinand Porsche ya sa kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa motocin tseren Auto Union wani difaransiyal na daban, domin ƙarfin injinsu kan sa taya ɗaya ta riƙa juyawa a banza wajen fita kwana. A kwana nauyin mota na komawa tayar waje, ta ciki ta yi sakayau ta rasa riƙo, matsala iri ɗaya da ta laka. Abin da aka ƙera yana barin tayoyin su bambanta a gudu, amma yana sa wa bambancin iyaka. Makanikai na kiransa otobulokan. Iri uku ne suka fi yawa.

Na farko mai faifai ne. A gefen giyoyin an jera siraran faifai, wasu na bin gidan difaransiyal, wasu na bin sandar taya. In inji ya tura ƙarfi, faifan na matsuwa da juna, su riƙe tayar da ke neman gudu ita kaɗai, ƙarfi ya tafi wajen ƴar'uwarta. Masu tsere sun fi son sa don ana iya saita shi: wani na kamawa lokacin taka totur kawai, wani har lokacin sakinsa. Aibinsa faifan na cinyewa, kuma yana da mansa na musamman, wanda ake rubuta LS a jikin galan. In aka zuba masa man pon na yau da kullum, sai ya riƙa kakkarwa yana ƙara a kwana.

Na biyu mai giyoyi ne zalla masu murɗaɗɗun haƙora, irin Torsen, wanda Ba'amurke Vernon Gleasman ya yi wa rajista a 1958. Ba shi da faifan da zai cinye, kuma yana iya ba tayar da ke da riƙo ninki biyu zuwa uku na abin da mai sulɓi ke samu. Amma ninkawa yake yi: in taya ɗaya ta tashi sama ba ta taɓa ƙasa, sifiri sau uku sifiri ne. Dabarar direbobi a nan ita ce su ɗan taɓa birki, tayar da ke sama ta sami abin turewa, ta ƙasa ta sami rabonta.

Na uku mai ruwa ne. Faifansa na cikin wani ruwa mai kauri da aka rufe ruf, wanda ke riƙe su in taya ɗaya ta fi ɗaya gudu. Yana aiki a hankali, ba ya ƙara, amma in ya tsufa sai dai a canza shi.

Ban da waɗannan akwai makulli, wanda ke haɗe tayoyin biyu su zama kamar sanda ɗaya. Wasu Land Cruiser na zuwa da shi daga kamfani, da maɓalli kusa da sitiyari. A laka da rairayi babu kamarsa, amma a ƙaramin gudu ake sa shi, kuma da an hau kwalta ake cirewa.

Akwai kuma hanyar araha: a buɗe pon a bi satalit da walda. Mota za ta fita daga laka kam, sai dai makulli ne da ba ya buɗuwa. Mita 2.4 ɗin nan na kowace kwana yanzu taya ce za ta biya shi da fatarta, ko sandar taya ta murɗe ta karye, galibi lokacin da mota ke da lodi. A jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa, a karya sitiyari mota ta ƙi bin kwana, ko bayanta ya kwashe. Araha ba ta ado. Motar da ke ɗaukar mutane ba a yi mata wannan aiki.

Kafin duk wannan kashe kuɗi, direbobin rairayi na da dabarar da ba ta cin ko dala: rage iskar taya don ta shimfiɗu a kan yashi, a mayar da iskar in an fito kan tauri.

6. A gareji

Direba kan shigo da magana ɗaya: "Maigida, motar nan ba ta ja." Makanikin da ya san aikinsa ba ya ɗaukar sifana tukuna, tambaya yake fara yi: "To, Alhaji, wace hanya kake bi da ita, wane kaya kake ɗora mata, kuma yaushe ka canza taya?"

Sannan a gano pon ɗin da ke jiki. Ba sai an buɗe ba. A sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga motar, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A cire giya, a saki birkin hannu, a juya tayar baya ɗaya. In ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai otobulokan mai faifai ko an yi walda. In ta juya baya, pon ɗin na yau da kullum ne, ko kuma mai murɗaɗɗun giyoyi. Don sanin rabo a pon na yau da kullum, a sauke taya ɗaya ƙasa, a yi wa kardan alama da alli, a juya tayar da ke sama sau biyu cif ana ƙirga juyin kardan. Huɗu da ɗan kaɗan 4.10 ne, huɗu da rabi da ɗoriya 4.56, in ya kusa biyar, 4.88.

Wajen saye, ko daga kayan da ke zuwa ta Kwatano ne ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, haƙora ake ƙirgawa da yatsa. Kuron da pinyon tare aka goge su a masana'anta, tare ake sayensu, ba a aurar da na wannan mota da na waccan. In motar mai ja huɗu ce, pon na gaba da na baya dole rabonsu ya zama ɗaya. In aka canza ɗaya aka bar ɗaya, ranar da aka sa ja huɗu a ƙasa mai tauri za su yi ta jan juna har wani abu ya fashe.

Ɗaurawa ita ce inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Pinyon na zaune ne a kan siraran zobban ƙarfe da ke tura shi ciki ko su ja shi baya. Maigidan gareji na shafa wa haƙoran kuron uku ko huɗu fenti marar bushewa, ya juya kuron gaba da baya yana ɗan riƙe shi da tsumma, sannan ya kawo fitila ya duba inda pinyon ya goge fentin. In tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, aiki ya yi. In ya hau can bakin haƙori, pinyon ya yi nisa, a ƙara kaurin zobe. In ya nutse gindin haƙori, ya shige da yawa, a rage. Sai kuma ɗan wasan da ake bari tsakanin haƙoran biyu, wanda a irin wannan pon na Toyota yake tsakanin milimita 0.13 da 0.18, bai kai kaurin takarda biyu ba. Da agogon awo ake duba shi. In ya matse, pon zai yi zafi. In ya saki, zai riƙa bugawa. Rulma ma, wato boris, akwai iyakar matsin da take so. Pon ɗin da aka ɗaura da ka yakan fara kuka a hanya, kuma haƙoran da suka riga suka ci juna a karkace ba sa gyaruwa.

Bayan ɗaurawa a zuba man giya mai lamba GL-5, kamar 80W-90. Sababbin haƙora na son tafiya a hankali ba lodi mai nauyi na wajen kilomita 800, sannan a zubar da man a sa sabo. A tuna kuma cewa a motocin da agogon gudu ke karɓar juyi daga akwatin giya, canza pon na sa shi ƙarya: da 4.88 a gurbin 4.10, zai nuna 100 alhali motar na kan 84.

Kalmomin darasi

Kardan: sandar da ke kai ƙarfi daga akwatin giya zuwa pon.
Pinyon da kuron: ƙaramin ƙarfe da babban faifai masu haƙora da ke cin juna a cikin pon.
Difaransiyal: giyoyin da ke ba tayoyi biyu damar juyawa da gudu daban.
Otobulokan: difaransiyal mai sa wa wannan bambanci iyaka.

Tambayoyi

1. Me ya sa tayar da ke kan ƙasa mai tauri ba ta juyawa in ƴar'uwarta na cikin laka?
2. Kuron na da haƙora 37, pinyon na da 9. Nawa ne rabon? Ya fi 4.30 tsawo ko gajarta?
3. Inji na juyi 2,500 a minti a giya ta huɗu, pon 4.30 ne, taya na cin mita 2.4. Kilomita nawa motar ke yi a awa?
4. Direbobi biyu na da Hilux iri ɗaya. Ɗaya na jigilar fasinja daga Maraɗi zuwa Damagaram, ɗaya na kwaso amfanin gona daga ƙauyukan Dakoro. Wane pon ya dace da kowannensu, kuma don me?
5. A kawo illa uku na yi wa satalit walda.

Aikin rukuni

Ɗalibai su kasu uku-uku, kowane rukuni ya je gareji mafi kusa ya nemi izinin maigidan wurin ya ga pon da aka buɗe. A ƙirga haƙoran kuron da na pinyon, a fitar da rabon. A auna kewayen tayar motar da igiya, a gwada igiyar da mita. Da waɗannan lambobi biyu a lissafa gudun motar a juyi 2,000 da kuma 3,000, a rubuta a littafi, a kawo aji mako mai zuwa don a gwada da na sauran rukunoni.